Wata uku ina bin sawun Hausawan Bahiya a intanet

Wani ɗalibi ne ya ƙure ni da tambaya: ta yaya Hausawa, da ƙasarsu ba ta ko kusa da teku, suka yi yawa a Bahiya ta ƙasar Barazil har suka ƙulla tawaye a 1807? Na ba shi amsar da ni kaina ban gamsu da ita ba. Daga nan na ɗauki wata uku ina lalube a rumbunan bincike na intanet, kusan duka kyauta, kuma ga abin da na gani.

Inda na fi daɗewa shi ne SlaveVoyages. An buɗe shi a intanet a 2008 daga Jami'ar Emory ta Amurka, kuma yana ɗauke da bayanin tafiye-tafiyen jiragen bayi kusan dubu 36: sunan jirgi, kyaftin ɗinsa, tashar da ya yi lodi, inda ya sauke, da yawan waɗanda suka mutu a hanya idan an rubuta. Ƙiyasin masu aikin shi ne an ɗora mutum miliyan 12.5 a jirgi, waɗanda suka sauka da rai miliyan 10.7. Ranar farko sai na nemi kalmar "Hausa", ina zaton jerin jirage zai fito. Ashe ban fahimci takardun ba. Littattafan 'yan kasuwa ne da na kwastan, kuma ɗan kasuwa tashar lodi ya dama da ita, ba garin da aka kamo mutum ba. Don haka sai an bi ta bayan gida: a zaɓi gaɓar Binin, wato su Wida, Porto-Novo, Badagiri da Ikko, a taƙaita shekarun zuwa bayan 1804 da aka fara jihadi aka riƙa sayar da waɗanda aka kama a yaƙi, a sa Bahiya a matsayin masauki. Nan take za ka ga yadda hanyar ta cika da jirage. Ba zai ce maka Bahaushe nawa ne a ciki ba, amma zai nuna maka ƙofar da aka fitar da su.

Sashen da ya fi taɓa ni shi ne na sunaye. Bayan Ingila ta haramta cinikin a 1807, jiragen ruwan yaƙinta suna kama jiragen bayi, ana rubuta waɗanda aka 'yanta a kotunan Firitawun ta Saliyo da Habana ta Kuba. Sunaye sama da dubu 90 ne, kowanne da shekaru da tsayi da sunan jirgin da aka same shi. Akawun da ya rubuta su yadda kunnensa ya ji ya rubuta, shi ya sa karatu da ido bai wadatar ba, sai ka furta da baki sau biyu ko uku kafin sunan ya faɗo maka. Wanda ya ga yadda Muhammadu ya koma "Mahommah" a tarihin Baquaqua, mutumin Jugu, a Jamhuriyar Benin ta yau, da aka kai Barazil kuma aka buga labarinsa a Detroit a 1854, ya san abin da nake nufi. Labarin nan nasa ma yana nan kyauta a rumbun Documenting the American South na Jami'ar North Carolina. A nan ne na ga fifikon da mai jin Hausa ko Fulatanci yake da shi a kan babban farfesan da ba ya ji.

Don bayanin abin da ya faru a Bahiya kanta, JSTOR na koma, wani rumbun maƙalun ilimi. Da rajista ta kyauta ana karanta wani adadi na maƙalu a wata a kan allo, ko da yake yawancinsu ba a sauke su. Daga can na gyara wani kuskure da na daɗe ina yi: tawayen Musulmin Bahiya na Janairun 1835 da ake kira tawayen Male, wanda aka yi cikin azumi, Yarbawa Musulmi ne suka fi yawa a cikinsa, Hausawa kuwa su ne kan gaba a yunƙurin farko-farko kamar na 1807 da 1814. Wata dabara da ta taimake ni ita ce neman rubutun Fotugis, Haussá ko Ussá, don da shi aka rubuta su a takardun lokacin. African Journals Online kuwa, da aka fara a 1998, amfaninsa shi ne a can ake samun mujallun jami'o'in Afirka. Wasu a buɗe suke, wasu sai an biya, kuma ingancin maƙalun ya bambanta ƙwarai, sai mutum ya yi tankaɗe da rairaya.

Abin da ban yi zaton zai riƙe ni ba shi ne rubuce-rubucen hannu. African Ajami Library na Jami'ar Boston, wanda Farfesa Fallou Ngom ya jagoranta, yana da hotunan takardun ajamin Hausa da Wolof da Mandinka. Endangered Archives Programme na British Library, da aka fara a 2004, shi ma yana da tarin takardu daga Arewacin Nijeriya, har da waƙoƙin jihadi na Fulatanci. Hoto ne dai, ba a neman kalma a cikinsa, shafi-shafi ake bi kamar almajiri a gaban allo, kuma yana cin data, gara a buɗe a kwamfuta. Haka na karanta rubutun Umar bin Sa'id na 1831, mutumin Futa Toro da aka bautar a Amurka, wanda ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa a intanet. Ya buɗe shi da Suratul Mulk, da rubutun magaribi irin wanda duk wanda ya yi makarantar allo zai gane.

Ɗalibin nan na ba shi jerin jiragen Ikko zuwa Bahiya da na tace, na ce ya fara da sashen sunaye, ya riƙa karantawa da ƙarfi. Ya dawo mini da guda goma sha ɗaya da yake zargin na Hausawa ne. Huɗu muka yarda da su, sauran har yanzu muna gardama.