Sarƙa da bulala ko horo da lada: wanne zai gyara karen Awudu?

Ƙanina Awudu, ka ce ɗan karenka ruwa-biyu ne, uban Boerboel, irin ƙattin karnukan nan na gadi, uwar kuma irin namu na gida, watansa bakwai, kuna zaune a gidan haya a unguwar Aboabo da ke Kumasi, ƙasar Gana. Yana gurnani in an matso kusa da kwanonsa, yana dirar wa yara in sun taso daga makarantar allo, kwanan baya har ya yaga zanen matar maƙwabcinka. Kawu ya ce a ɗaure shi da sarƙa a ba shi kashi sai ya natsu, abokinka kuma ya ce a bi shi da lallashi da 'yar tsoka. Kana son sanin wanne za ka bi.

Da farko, laifuffukan nan ba iri ɗaya ba ne. Taune-taune da tsalle a jikin mutane na ƙuruciya ne. Kwikwiyo yana da haƙoran nono 28, yana zubar da su na girma 42 su fito, kuma sai wajen wata shida zuwa bakwai ake gamawa, dasashinsa na ta ƙaiƙayi. Daga nan zuwa shekara ɗaya da rabi lokacin tashen balaga ne, rawar kai ta yi yawa. Gurnani a kan abinci kuwa tsoro ne, yana ganin za a ƙwace masa. Shi ne abin da ya fi damuna a bayaninka.

Hanyar Kawu tana da amfaninta, kada mu raina. Ba ta cin ko sidi ɗaya, sakamakonta nan take ne, kuma maƙwabta za su ga ka ɗauki mataki, wanda ba ƙaramin abu ba ne a gidan da iyali biyar ko shida ke tarayya a tsakar gida ɗaya. Matsalar ita ce abin da karen ke koya. In ka doke shi don ya yi gurnani, gurnanin zai daina, tsoron na nan daram. Gurnani kuwa shi ne gargaɗinsa. Karen da aka hana gargaɗi, ranar da ƙaramar yarinya ta miƙa hannu kusa da kwanonsa, sai dai a ji ihu. Sannan kai mai bulalar kaɗai zai ji tsoro, yaran da ba su da bulala su ne za su biya bashin. A wani bincike da aka wallafa a 2009, likitocin dabbobi na Jami'ar Pennsylvania a Amurka sun tambayi masu karnukan da aka kawo musu saboda munin hali, kashi 43 cikin 100 na karnukan da aka doka ko aka shura sun mayar da martani da faɗa. Ka tuna kuma cikakken Boerboel yana iya haura kilo 60. Yau kana iya danne shi, baɗi ba lallai ba.

Sarƙar ta fi bulalar ɓarna a ganina. Dabbar da ta tsorata gudu take fara nema, in babu hanyar gudu sai haƙori. Kare a ɗaure wuni guda cikin rana, yara na wucewa suna jifansa suna tsokana, kullum ƙara tsanar yara yake yi. Zancen zuba barkono ko albarushi a abinci don ya yi zafin rai kuwa, ciwon ciki kawai za ka saka masa.

Hanyar abokinka tana da jinkiri, makonni take ci, wani lokaci watanni, kuma ba ta yiwuwa sai duk mutanen ɗakinka sun bi tsari ɗaya. Amma ita ce ke taɓa tushen abin. Ba shagwaɓa ba ce, ciniki ne: ya yi abin da kake so, ka biya shi a cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, in ka wuce haka bai san me aka biya ba. Minti biyar sau biyu ko uku a rana ya isa. 'Yan gutsattsarin nama ko busasshen kifi za su yi. Ka guji dafaffen ƙashin kaza, yana tsagewa a ciki, kuma ragowar wake da shinkafa mai shito, miyar barkonon nan da ake sa wa albasa, ba abincinsa ba ne, albasa guba ce ga kare.

Batun kwano: ka daina gwada shi da janye abinci. Ka ba shi a wurin da yara ba sa shiga. Yana cikin ci, ka wuce daga nesa inda bai fara ƙame jiki ba, ka jefa masa abin da ya fi na kwanon daɗi, ka yi gaba. Kullum ka ɗan rage tazarar. A hankali zai gane zuwan mutum ƙari ne. Tsalle kuma, duk wanda ya dirar wa ya juya baya kada ya ce uffan, sai ƙafafunsa huɗu sun sauka ƙasa sannan a kula shi. Ka koya masa "zauna", ya zama ita ce gaisuwarsa. Mu a zango mun saba haɗa Hausa da Tuwi da Turanci a magana ɗaya, to kare ba zai iya ba, ku zaɓi kalma guda kowa ya riƙe ta.

Lokacin da kwikwiyo ya fi saurin sabawa da mutane da ƙara, daga mako uku ne zuwa wajen wata uku, naka ya wuce shi. Ba a makara ba, sai dai a bi sannu. Bayan sallar asuba ka sa masa igiya ku zagaya kafin rana ta yi, ya ga masu koko, ya ji ƙarar pragya da aboboya, wato babura masu ƙafa uku, daga nesa, ya natsu ka ba shi lada. Karen da ya gaji da yawo ba ya da ƙarfin yaga zane.

Inda na bi bayan Kawu shi ne tsarewa. Kafin horo ya kama, kada a bar shi sake da yara ko na minti ɗaya. Keji mai faɗi a inuwa da ruwan sha, igiya a hannunka in an fita, takunkumi in za a shiga mutane. Zanen baiwar Allah kuma ka biya, ka ba da haƙuri.

In za ka ɗauki mai horo, ka je ka ga yadda yake aiki, kuma a yi da kai a wurin. Wanda ya ce zai mayar maka da shi kare mai kai hari, ka gode masa ka tafi, haushinsa kaɗai ya ishi ɓarawo.

Kafin duk wannan, likitan dabbobi. Ciwon kunne, kaska, ko rauni na iya sa kare mai sanyin hali ya fara cizo. Akwai asibitin dabbobi na gwamnati a unguwar Amakom a Kumasi, KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta garin, ita ma tana da makarantar likitancin dabbobi. Ba ka faɗa mana ko an yi masa allurar ciwon haukan kare ba. Tun yana wata uku ake farawa, a riƙa sabuntawa yadda likita ya rubuta a kati. Ciwon nan in alamunsa suka bayyana a jikin mutum, kusan ba a tashi. Idan ya ciji wani ko ya yakushe shi har fata ta fashe, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana minti 15, a wuce asibiti a ranar, karen kuma a killace shi kwana goma likita na lura da shi. Kada a ɓoye don gudun rigima da mai gida.

Ni dai lada da tsarewa zan haɗa, in ajiye bulalar. Amma in bayan wata biyu ko uku gurnanin na ƙaruwa, ko ya yi wa yaro cizo mai zurfi, to gidan haya ba wurinsa ba ne. Ka nemi mai gida da katanga wanda ya saba da manyan karnuka, ka faɗa masa halin karen tsakani da Allah kafin ya karɓa.