Sharhi a kan zanen 'yan tashe na alƙalami da tawada

A cikin shagunan masu zane da ke Samaru, daura da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, akwai wani ƙaramin shago da ya fi karkata ga aikin alƙalami da tawada, kuma a duk abin da aka rataye a bangonsa babu wanda ya kai zanen 'yan tashe ɗaukar hankali, shi ya sa shi na saya. Girmansa bai wuce na allon karatu ba, kuma baƙar tawada ce zalla a kan farar takarda.

Yara huɗu ne a ƙofar wani zaure da daddare, a irin daren da ake fara tashe bayan azumi ya kwana goma. Na gaba ya ɗaura gemun auduga da zare a bayan kunnuwansa, ya ranƙwafa a kan sanda yana kwaikwayon tsoho, amma gemun ya sauka har gwiwarsa, wata akuya kuma ta miƙo wuya tana taunar ƙarshensa ba tare da ya sani ba. Na bayansa yana kiɗa da gwangwanin madara, yarinya tana riƙe da ƙwaryar karɓar abin da aka samu, autansu kuwa, wanda rigar wansa ta yi masa yawa, ya taho a guje takalminsa ɗaya ya cire. Sai mutum ya daɗe yana kallo kafin ya lura cewa babu ƙafar yaro ko ɗaya da ta taɓa ƙasa. A nan ne gwanintar mai zanen ta bayyana, domin bai damu da daidaita tsawon hannu da ƙafa ba, abin da ya sa a gaba shi ne ya nuna yadda yaro yake ji a ransa ranar da aka bar shi ya fita bayan shan ruwa.

Aikin hannun ma abin yabo ne. Duhun zauren an fitar da shi da siraran layuka masu gicciye juna, gemun kuma farin takardar ne kawai aka bari, layi guda ya kewaye shi. An yi amfani da tawadar Indiya, wadda asalinta daga Sin take. Ba kamar tawadar allo ta gawayi da ƙaro da ake wankewa da ruwa ba, wannan idan ta bushe ta zauna ke nan. Saboda haka mai zanen ba shi da damar gogewa, dole ya ja layinsa da ƙarfin gwiwa, kuma wannan saurin hannun ne ya sa yaran suke kamar suna motsi. Ba abin mamaki ba ne a sami irin wannan aiki a Zariya, garin da Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da abokansu suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958, suna kira da a ɗauko abin zane daga al'adun gida.

Mai shagon yana sayar da zanen asali da kuma kwafin da aka buga da inji, kuma na yaba da yadda ya bambance su tun kafin a yi ciniki. Na asalin yana ɗauke da sa hannu, idan aka karkata shi wajen haske ana ganin ƙyallin tawadar inda ta yi kauri.

Inda shagon ya gaza shi ne wajen firam. Katakon ba shi da ƙwari, an manne takardar da salatif wanda zai bar tabo idan ya tsufa, bayan firam ɗin kuma ba a rufe shi sosai ba, alhali ƙurar hunturu ba ta raina kafa. Shawarata ga mai sha'awa ita ce ya sayi zanen tsurarsa, ya kai wa mai haɗa firam da zai bar 'yar tazara tsakanin gilashi da takarda, sannan ya rataye shi a bangon da rana ba ta dukansa kai tsaye, domin tawadar ba ta koɗewa amma takardar tana iya yin ja.