Allurar tsoka da sauran allurai: me ya sa kowace da wurinta?

Wata 'yar uwa daga Kumo ta yi tambaya jiya: ta kai jaririnta rigakafin mako shida aka yi masa allura a cinya, alhali ita a mazaunai ta saba gani, surukinta kuma mai ciwon suga a fatar cikinsa yake soka tasa. Wacce ta fi ƙarfi, kuma ba kuskure aka yi wa yaron ba?

'Yar uwa, kwantar da hankalinki, daidai aka yi masa. Ba ƙarfi ke raba allurai ba, maganin da ke cikin sirinjin ne ke zaɓar hanyarsa.

Allurar tsoka ita ce aka yi wa ɗanki. Ana wanke hannu, a ɓare sabon sirinji a gabanki, a tsabtace wurin, sannan a soka tsinken a miƙe, digiri 90, har ya ratsa fata da kitse ya isa nama. A tura maganin a hankali, a zare, a danne da auduga. Tsoka tana da jini sosai, shi ya sa magani ke shiga jiki da wuri, kuma tana ɗaukar magani mai kauri ko mai mai. Damtse ba ya son fiye da mililita 1, cinya da mazaunan babba suna ɗaukar fiye da haka. Penta, wato rigakafin cututtuka biyar da ake yi wa jarirai a mako 6 da 10 da 14, rabin mililita ce, a gefen cinya ta waje, don jariri bai fara tafiya ba, naman mazaunansa bai yi ƙwari ba.

Akwai kuma dalilin da ya fi damuna. Wata babbar jijiyar motsi tana bi ta tsakiyar mazaunai ta sauka har tafin ƙafa. Idan tsinke ya taɓa ta, ko magani ya zuba a kanta, ƙafa na iya saki. Na taɓa ganin yarinya 'yar shekara huɗu tana jan ƙafa bayan an yi mata allurar zazzaɓi a wani kemis, 'yan gidan suna ta cewa shan inna ce. Wanda ya koyi aikin yana raba ɗuwawu gida huɗu a idonsa, ya soka a na sama ta waje kawai. Wanda bai koya ba, inda hannunsa ya faɗa nan ne.

Ta surukinki allurar ƙarƙashin fata ce. Ana tattaro fata da yatsu biyu, a sa gajeren tsinke cikin kitse. Kitse ba shi da jini da yawa, sai maganin ya riƙa shiga sannu sannu, abin da insulin, maganin ciwon suga, ke buƙata ke nan. Da za a kai shi tsoka, suga na iya faɗuwa da gaggawa har mutum ya jigata. Rigakafin ƙyanda na wata tara ma ta wannan hanya ake yin sa.

Ta cikin fata kuwa kin riga kin san ta: lambar BCG, rigakafin tarin fuka, da ke kafaɗar yaron. Tsinken kusan a kwance yake shiga, ɗigo kaɗan, fata ta ɗan tasa kamar cizon sauro.

Sai ta jijiyar jini, wadda mutanenmu suka fi yarda da ita, har ka ji majinyaci na cewa in ba a sa masa ƙarin ruwa ba, ba a duba shi ba. Gaskiya ta fi kowace sauri, domin kai tsaye take shiga jini. Shi ya sa a maleriya mai tsanani ake fara ba da artesunate ta jijiya, in jijiya ta ƙi samuwa a koma tsoka. Amma abin da ya shiga jini ba ya dawowa, in jiki ya ƙi maganin nan take zai nuna. Akwai ma maganin da ba a yarda a sa shi a jijiya ko kaɗan, kamar benzathine penicillin, tsoka kawai.

Ɗan kumburi da ɗumin jiki na kwana ɗaya ko biyu bayan Penta ba abin tsoro ba ne. Kada ki murza wurin, kada ki gasa da ruwan zafi. In kumburin na ƙaruwa, ko ya tara ruwa, ko yaron ya daina motsa ƙafar, ki koma asibitin da aka yi masa, ko ki wuce Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, da katin rigakafinsa a hannu.