Manhajar koyon jita: kunne gareta, amma ba ta da ido

Watanni kenan ina amfani da wata manhajar koyon jita a waya, irin wadda take sauraron kiɗanka ta makirfo ta gaya maka ko ka yi daidai. Bazan kama sunanta ba tunda akwai ƙorafi a maganata, kuma dai yawancinsu tafiyarsu ɗaya ce. Ni na haura arba'in kafin na taɓa riƙe jita, 'yata da muke koyo tare kuma ko goma bata kai ba, kaga na ga yadda abin yake wa babba da yaro.

Abin da ya fara burge ni shi ne saitin tsirkiya. Jita tsirkiya 6 gareta, E A D G B E daga mai kauri zuwa siririya, kuma wlh sabon shiga bazai iya saita su da kunnensa ba, to ita manhajar kana taɓa tsirkiya allura zata nuna maka ka ƙara ɗaurewa ko ka sassauta har sai ta koma kore. Ma'aunin da take bi shi ne wanda aka saba, sautin A a kan 440 Hz. Darussan farko ma an tsara su da hankali, tsirkiya ɗaya, sai biyu, sannan a kai ka kan kod (sautuka da yawa da ake kaɗawa lokaci ɗaya) masu sauƙi irin su Em da G da C da D, kafin ka ankara kana kaɗa wani abu da yake kama da waƙa. Ga babban mutum wannan ba ƙaramin abu bane, don mu abin da yake kashe mana gwiwa kunya ce, ace da furfurarka kana ta ɓaro sauti a gaban wani. Waya kuwa ba ta dariya, ko sau nawa ka maimaita ba ta tsaki.

Masu cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi suna da tasu gaskiyar, shi ya sa tsarin Shinichi Suzuki na Japan yake fara koya wa yara goge tun suna kamar shekara 3, da kunne kafin a kai ga karatun rubutun kiɗa. Na gani a gida ma, yarinyar tana jin abu sau biyu ta kwaikwaya. Amma minti kaɗan ta gaji ta ajiye ta tafi wasanta, ni kuma zan zauna a kan canji ɗaya daga G zuwa C har sai ya zauna. Gemu dai baya hana ilimi. Masu cewa yatsunsu sun sandare kuma su duba shahararren makaɗin jita Django Reinhardt, gobara ta lalata masa yatsu biyu na hannun hagu a 1928 yana ɗan shekara 18, ya sake koyon jita da sauran biyun, har yau ana ambatonsa.

Yanzu ga inda muka saɓa da manhajar. Sauti kawai take ji. In sautin ya fito daidai zata baka maki da taurari ko da kuwa ka murɗe wuyan hannunka kamar mai matse wanki, ko ka ɗora babban yatsa inda bai kamata ba, ko kafaɗarka ta haye har kunne. Ita ba ruwanta. A kan kod ɗin F abin ya fito fili, wanda ake shimfiɗa manuniya ta danne tsirkiyoyi 6 gaba ɗaya a gaɓar farko ta wuyan jitar, bidiyon yana ta cewa ka danna, ka danna, ina ta dannawa hannu yana ciwo tsirkiya ta biyu tana wani zzz kamar ta shaƙe. Sai da wani malamin jita ya kalle ni ta kiran bidiyo, bai ma bari na gama ba yace malam ɗan mirgina yatsan ya kwanta ta gefen ƙashi, ka matso da shi kusa da ƙarfen gaɓar, ka sauke babban yatsa ta bayan wuyan jitar. Ya kuma lura tsirkiyoyina sun yi nisa da katakon wuyan, dole sai an sauke su, ashe rabin wahalar daga jitar ce. Wannan babu manhajar da zata gano maka shi ta makirfo.

Makirfon ma yana da nasa halin. In fanka tana juyawa ko ana hira kusa sai ya riƙa cin makinka a banza, wani lokacin kuma ka kaɗa kod rabi da rabi ya ce madalla. Yarinyar ta gano haka da wuri, sai ta koma farautar taurari, sauri kawai take ta wuce mataki. Dole na riƙa kunna mata metronom, na'urar da take ƙirga bugun kiɗa, a kan bugu 60 a minti, wato bugu ɗaya duk daƙiƙa, in ce sai kin yi shi tsaf a haka sannan mu ƙara.

Maganar ciwon yatsa, gaskiya masu manhajar sun yi bayani amma a gurguje. Makonnin farko kan yatsu zai yi zafi har sai kanta ta fito, gara ka yi minti 10 zuwa 15 kullum da ka tara ka yi awa biyu rana ɗaya. Ga yaro ko wanda fatarsa ba ta jure wa, jita mai tsirkiyar nailan ta fi ta ƙarfe taushi, kuma a nema wa yaro ƙarama, akwai 1/2 akwai 3/4, kada a ɗora masa babba hannunsa baya kaiwa.

Zan ci gaba da biya? Eh, don bita ta kullum da saiti ban ga kamarta ba. Amma duk bayan 'yan makonni sai na sa malami ya kalli hannuna da na yarinyar. Sannan in ka shiga gwajin kyauta ka duba saitin biyan kuɗin tun ranar, da kansa yake sabuntawa, ba sai ya tambaye ka ba.