Apache ko Nginx ga mai ƙaramar sabar da PHP?

Malam, ba zan ja ka da nisa ba. Tunda sabar da ka kama haya RAM ɗinta GB 1 ne kacal, kuma WordPress, manhajar gina shafin yanar gizo, za ka ɗora a kai, Nginx za ka girka, ka haɗa shi da PHP-FPM, manhajar da ke gudanar da PHP, harshen da aka rubuta WordPress da shi. Apache da Nginx ɗin da kake tambaya a kai, wato manhajojin da ke miƙa shafi ga baƙi, duk na riƙe su da hannuna, saboda haka abin da ya same ni zan faɗa maka.

Sabar farko da na mallaka a shirye na saye ta, wurin wani da ke kiran kansa gwani. Ya ce ya ɗora komai, ni dai in shiga in fara aiki. Apache ne a ciki, an cusa masa PHP ta hanyar mod_php, kuma yadda saitin ya zo haka ya bar shi, ko layi ɗaya bai taɓa ba. Wata biyu lafiya lau, don baƙin shafin ba su taka kara sun karya ba. Ranar da wani rubutu nawa ya yaɗu, jama'a suka yo ca a lokaci guda, na buɗe shafin sai ga farin allo da layi ɗaya tal, wai an kasa haɗuwa da rumbun bayanai. Da ƙyar na samu shiga ta SSH, hanyar sarrafa sabar daga nesa, na buga top, umarnin da ke nuna abin da ke gudana, sai ga apache2 jere reras sun cika allo, kowanne ya riƙe kusan MB 40. RAM ta ƙare ƙaf. Linux ya duba wa zai kashe ya samu numfashi, ya kashe MySQL, manhajar rumbun bayanan.

Daga baya na gane abin da ya faru, kuma laifin na mai saitin ne da nawa da ban duba ba. Shi mod_php da tsarin prefork yake tafiya: kowane haɗi sai an ware masa ma'aikaci guda, wato kwafin apache2 ɗaya, kuma kowane ma'aikaci yana goye da PHP sukutum, ko da ɗan hoton tambari aka aike shi ya miƙa. Saitin da ke zuwa da Ubuntu ya yarda a tara irinsu har 150. Yi lissafi da kanka, 150 sau MB 40, ka doshi GB 6, kai kuma ɗaya gare ka.

A daren na share komai na ɗora Nginx. Wani injiniya mai suna Igor Sysoev ne ya rubuta shi a Rasha, ya sake shi a 2004, kuma tun farko damuwarsa ita ce yadda na'ura guda za ta riƙe haɗi dubu goma a lokaci ɗaya ba ta durƙushe ba. Ma'aikatansa 'yan kaɗan ne, yawanci ɗaya ga kowace ƙwayar CPU, kowannensu yana juya dubban baƙi. Hoto, CSS, JavaScript, duk shi yake miƙawa da kansa. Sai an zo kan fayil na PHP yake tura wa PHP-FPM, wanda ke zaune gefe da nasa ma'aikatan. Adadinsu kuma kai ke yankewa a layin pm.max_children, wanda yake zuwa a 5. Ni na mai da shi 8. Amfanin wannan shi ne in baƙi sun yi yawa, layi suke bi, shafin ya ɗan yi nauyi na wasu daƙiƙu, amma ba ya faɗuwa. Shekara ta zagayo, rubutun da ya fi wancan yaɗuwa ya fita, ina kallon free -m, umarnin da ke nuna RAM ɗin da ta rage, ina jiran tashin hankali, har na gaji na kwanta. Wallahi tun daga ranar na daina kwana da waya a ƙarƙashin filo.

Kada ka ce ban gaya maka ba, daren farko sai da na yi gumi. Na buɗe shafin, maimakon ya bayyana sai burauza ta sauke mini index.php kamar wani fayil na waƙa. Nginx bai san PHP ba sai ka gabatar masa, da ɗan sashen location mai ɗauke da fastcgi_pass. Wannan ba abin dariya ba ne, domin a wannan halin kowa na iya sauke wp-config.php, inda kalmar sirrin rumbun bayananka take a rubuce ƙarara. Don haka ka gama saita PHP ka gwada kafin ka kwafo fayilolin shafin. Na gyara wannan, sai kuskuren 502 ya tare ni, wato Nginx ya kasa samun PHP-FPM. Ashe darasin da na kwafa na tsohuwar siga ne, sunan soket ɗin, wato fayil ɗin da su biyun ke magana ta cikinsa, bai yi daidai da nawa ba. Ka leƙa /run/php/ ka ga ainihin sunan. A Ubuntu 24.04 php8.3-fpm.sock ne, a 22.04 kuma php8.1-fpm.sock. Sannan duk shafin da na danna ban da na farko sai 404, wai ba a samu shafin ba, har sai da na sa layin try_files $uri $uri/ /index.php?$args, wanda shi ke yin aikin da fayil ɗin saiti na .htaccess ke yi wa WordPress a ɓangaren Apache. Na ƙarshe, ɗora hoto ya ƙi, 413, wai fayil ɗin ya yi girma. Nginx MB 1 kawai yake karɓa sai ka ɗaga client_max_body_size, shi ma PHP yana da nasa shingen, upload_max_filesize a MB 2 da post_max_size a MB 8. Dukansu ukun za ka ɗaga, in ka manta ɗaya kana nan inda kake. Kuma ka saba wa yatsunka buga nginx -t kafin kowane reload, zai nuna maka layin da ka manta alamar rufewa.

Apache kuwa, to, dattijo ne, tun 1995 yake aiki kuma ba a raina shi. In fulogin ɗinka sun dogara da .htaccess, shi ya fi sauƙi, kuma siga ta 2.4 tana da tsarin event da za ka haɗa da PHP-FPM ɗin nan ka samu sauƙin RAM. Sai dai in har za ka yi wannan wahalar, ban ga abin da ya hana ka ɗora Nginx tun farko ba.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa, don ni an yi mini. Ka yi hattara da masu sayar da sabar "a shirye". Wasunsu allon sarrafawar da suke ɗora maka lasisinsa na sata ne, kuma wanda ya fasa manhaja ya raba kyauta, banza ba ta kai zomo kasuwa, wataƙila akwai ƙofar da ya bar wa kansa a ciki. Haka jigogi da fulogin na kuɗi da ake ba ka a araha. Wani zai ce maka wurin ajiya da zirga-zirga ba iyaka, alhali ƙaramar sabar guda ya yanka wa mutum hamsin. Wani ya karɓi kuɗinka na takardar SSL, wadda ke ba shafi makullin https, ya je ya ɗauko ta Let's Encrypt wadda kyauta ce, certbot ma ke sabunta ta da kansa. Mafi muni shi ne wanda zai yi rajistar sunan shafinka da sunansa, ko ya riƙe kalmar sirrin root, asusun da ke da iko da komai a sabar, ya ce kai ba ka buƙata. Ranar da kuka saɓa, shafin nasa ne. Duk wanda ya miƙo maka sabar, kafin ka cika masa kuɗi buga nproc da free -m ka ga ko CPU da RAM ɗin da ya faɗa su ne a ciki, sannan php -v ka ga sigar PHP. In ka ga 7.4 ko ƙasa da haka, ka san tun Nuwamba 2022 aka daina toshe mata ɓaraka. Nawa gwanin, 5.6 ya bar mini.

Saboda haka ka ɗauki Ubuntu tsurarta, ka girka nginx, php-fpm, php-mysql da MariaDB, wadda ke tsayawa a madadin MySQL, da hannunka. Ka buɗe ƙofa 80 da 443 da ta SSH a ufw, katangar tsaron sabar, kafin ka kunna shi, kada ka kulle kanka a waje. Fayilolin shafin ka mallaka wa www-data, asusun da Nginx da PHP-FPM ke aiki da shi, kuma duk darasin da ya ce ka buga chmod 777, wanda ke ba kowa damar taɓa fayil, ka rufe shi. Ka ƙara swap, wato wuri a ma'ajiyar sabar da ke tallafa wa RAM in ta cika, ko da GB 1 ne. Ɗan fayil ɗin phpinfo da za ka yi gwaji da shi, ka goge shi da zarar ka ga yana aiki, don yana tona asirin sabar ga duk mai wucewa. In wani abu ya ƙi, ka turo mini layuka goma na ƙarshe na /var/log/nginx/error.log mu duba tare.