Gidan reno mai tallafin gwamnati: ku je da la'asar kafin ku cike fom

Iyaye mata da dama sun tambaye ni ko su kai 'ya'yansu gidan renon da 'yata ke zuwa. Amsata ita ce e, ku kai su, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ne ya sa na zauna rubuta wannan. Ba zan ambaci sunan gidan ba, domin abin da zan faɗa ya taɓa matan da ke aiki a ciki, alhali ba su suka haifar da matsalar ba.

Gidan na mai zaman kansa ne, sai dai yana cikin tsarin tallafi. Gwamnati na biyan wani kaso na kuɗin kowane yaron da aka yi wa rajista, iyaye su cika ragowar. A madadin haka dole gidan ya riƙe lasisi, ya bar jami'an hukuma su shigo dubawa, ya kuma kiyaye adadin yaran da ma'aikaciya ɗaya za ta riƙe. Ba don tallafin nan ba, da ban koma aiki ba, wannan ba na ɓoye shi. Ni akanta ce, kuma na yi lissafin tun ina hutun haihuwa: in zan biya kuɗin reno cikakke, abin da zai rage daga albashina bai kai in fita dominsa ba. Ba ni kaɗai ba ce a wannan hali. Rahoton da Bankin Duniya ya fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa yara kusan miliyan 350 waɗanda ba su kai shiga firamare ba suna buƙatar wurin reno amma ba su da shi. Saboda haka duk abin da zan kushe a ƙasa, ku riƙe cewa mai godiya ce ke magana.

Abin da ya fara kwantar min da hankali shi ne ƙofa. Ba a ba da yaro ga kowa sai wanda sunansa da hotonsa ke cikin fayil. Ƙanwata ta taɓa zuwa ɗaukar yarinyar ba tare da na sanar da su ba, suka hana ta, duk da yarinyar ta rugo ta rungume ta tana murna. Sai da suka kira ni a waya. Ƙanwar tawa ta ji haushi, ni kuwa har cikin raina na ji daɗi. Ba sa karɓar yaro sai da katin rigakafinsa. An rufe duk wani soket da hannun yaro zai kai, wurin wanke hannu daidai tsayinsu yake, kowa da shimfiɗarsa ta barci da sunansa a jiki, na'urar kashe gobara kuma ɗauke take da kwanan watan da aka duba ta. Akwai littafin da suke rubuta duk wani rauni, komai ƙanƙantarsa. Ranar da 'yata ta buge goshi a jikin tebur, kafin in iso an kira ni, da na iso aka nuna min abin da aka rubuta, lokaci da wurin da wadda ke kusa, na sa hannu. Waɗannan duk ba kirkin masu gidan kaɗai ya kawo su ba. Suna cikin takardar da jami'ai ke bi suna duba ɗaya bayan ɗaya, kuma wanda bai cika su ba lasisinsa na cikin haɗari. A nan sa idon gwamnati ya yi aikinsa.

Sai kuma malamar ɗakin 'yan shekara biyu, wadda yaran ke kira Anti. Mace ce marar hayaniya. In za ta yi wa yaro magana sai ta durƙusa har idonsu ya haɗu. Tana bambance kukan gajiya da kukan rigima tun daga bakin ƙofa. A hannunta 'yata ta daina famfas, ta koyi jiran layi, ta kuma fara haɗa jimla. Na taɓa ce mata, "Malama, wallahi ban san yadda kike yi ba." Ta yi dariya ta ce, "Hajiya, da safe ai da sauƙi. Ki zo da yamma ki gani."

Gani ya kori ji. Da safe, lokacin da yawancinmu ke ajiye yara muna sauri, ma'aikata 3 ne a ɗakin, yara 14. Daidai da ƙa'ida. Bayan la'asar kuwa, ɗaya ta tashi saboda awanninta sun cika, ɗaya an ja ta ɗakin jarirai don cike gurbin wadda ta bar aiki, sai Anti ita kaɗai da yara 11 ko 12, duk sun gaji, wani na son banɗaki, wani ya ciji wani. In ta shiga banɗaki da ɗaya, sauran suna hannun Allah na 'yan mintoci. Ba abin da ya taɓa faruwa, alhamdu lillahi, amma duk wadda ta taɓa riƙe ɗan shekara biyu ta san minti ɗaya ya ishe shi hawa taga.

Wannan adadi ba ƙaramar magana ba ce, shi ne ƙashin bayan duk wata dokar reno. A Ingila, misali, ƙa'idar ita ce babba ɗaya ga yara 3 'yan ƙasa da shekara biyu. Ga 'yan shekara biyu a da ɗaya ga 4 ne, a watan Satumban 2023 aka sassauta zuwa ɗaya ga 5, kuma ko wannan ƙarin na yaro ɗaya tak sai da ya jawo doguwar muhawara. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989, a sashe na 3, ta ɗora wa gwamnatoci tabbatar da cewa wuraren kula da yara sun cika ƙa'ida a kan tsaro da lafiya da yawan ma'aikata da cancantarsu, tare da sa ido na ƙwarai. Sashe na 18 kuma ya ambaci 'ya'yan iyaye masu aiki da haƙƙinsu na amfana da wuraren reno. To a gidanmu ana sa ido, amma da hantsi ake sa shi. Jami'an suna aiko da sanarwa kafin su zo, su iso lokacin da kowace ma'aikaciya ke wurinta, su ƙirga kawuna, su duba fayil, su tafi kafin azahar. Abin da suka rubuta gaskiya ne. Gaskiyar ƙarfe goma ce.

Na je na sami shugabar gidan da wannan magana, ina tsammanin za ta musa. Ba ta musa ba. Ta jawo kujera ta ce, "Zauna 'yar'uwa, tunda aikinki ne za ki fi kowa ganewa," ta buɗe min littafin kuɗi. Abin da na gani abu uku ne da suka haɗu suka shaƙe ta. Tallafin ana biyan sa ne bayan an gama aiki, ba kafin ba, kuma yakan yi jinkiri, alhali albashi ba ya jira. Ana lissafa shi da ranakun da yaro ya halarta, don haka in mura ta zaga ɗaki yara suka zauna a gida, kuɗin shiga ya ragu, amma haya da wuta da albashi suna nan yadda suke. Sannan adadin da ake biya kan kowane yaro ya daɗe ba a taɓa shi ba, kuma sharaɗin tallafin ya hana ta ƙara wa iyaye kuɗi fiye da wani mataki. Gidan reno kuwa mafi yawan abin da yake kashewa albashi ne, ba wani injin da zai goya yaro. In kuɗi ya gaza, wuri ɗaya ne ake iya yankewa, wato awannin ma'aikata da abin da ake biyan su. Shi ya sa ɗakin jarirai ke canja fuska a kai a kai. Yarinya ta koyi aiki, jarirai su saba da ita, ta sami wurin da ya fi biya ta tafi, kuma ba wanda zai ga laifinta. Takardar jami'ai tana tambayar ko ma'aikaciya na da shaidar horo. Ba ta tambayar ko ita ce wadda suka tarar a zuwansu na baya.

Ban wanke shugabar gaba ɗaya ba. Akwai 'yan kuɗaɗen da take ƙirƙirowa, na kayan zane, na fita yawo, na tarar jinkirin ɗauka, waɗanda ba a faɗa maka ranar rajista. Na gane dalili, amma a faɗa tun farko ya fi.

Da na karanta yadda wasu ƙasashe suka yi, sai na ga ciwon iri ɗaya ne. Lardin Kwibek na Kanada ya fara renon dala 5 a rana a 1997, mata da yawa suka shiga aiki, amma layin jiran gurbi ya yi tsawo. A 2021 gwamnatin tarayyar Kanada ta sa burin dala 10 a rana ga ƙasar baki ɗaya. Jamus ta bai wa kowane yaro da ya cika shekara ɗaya haƙƙin samun gurbi tun Agustan 2013, amma har yau ƙarancin ma'aikata na hana haƙƙin cika a wurare da yawa. Ostireliya kuma ta ga ɗaya ɓangaren. Kamfanin ABC Learning ya bunƙasa da kuɗin tallafin da ake bai wa iyaye har ya mallaki gidajen reno sama da 1,000 a ƙasar, ya durƙushe a Nuwamban 2008, gwamnati ta zuba kuɗi don kada a rufe su a bar iyaye a tsaye. Rage wa iyaye kuɗi abu ne da ɗan siyasa ke son sanarwa. Albashin wadda ke share hancin yaron ba ya cika taro.

Wani abin da ke gajiyar da ni shi ne sabunta takardun tallafi. Kowane zango sai ka sake kawo shaidar albashi da ta aiki, kuma in wani abu ya canja ba ka sanar da wuri ba, za a iya cewa ka dawo da abin da aka biya. Ma'aikaciyar ofishin gidan tana taimakawa ƙwarai, tana tuna mana kafin wa'adi ya cika, kuma wannan na cikin abin da zan yaba musu. Ina ɗaukar takardun da muhimmanci tun da na ji abin da ya faru a Holan, inda hukumar haraji ta zargi dubban iyalai da zamba a kan tallafin reno bisa kuskure, aka tilasta musu mayar da kuɗi masu yawa, har gwamnatin Firaminista Mark Rutte ta yi murabus a Janairun 2021 saboda abin kunyar.

A saman benen gidan renon akwai ɗakin da a da ake buɗe wa matasa bayan makaranta, da kwamfutoci da teburin wasa da wani malami mai taya su aikin gida. Ɗan maƙwabciyata mai shekara 14 a can yake zama har ta dawo daga aiki. Kuɗinsa daga wani asusu ne daban da ake sabuntawa shekara-shekara, bana ba a sabunta ba, an sa kwaɗo. Ba wanda ya zo duba ko shirin na da amfani kafin a yanke shi. Hidimar matasa ce ake fara taɓawa in kasafi ya matse, saboda ɗan shekara 14 ba ya hana uwarsa zuwa aiki. A Ingila da Wales ƙungiyar matasa ta YMCA ta lissafa cewa abin da ƙananan hukumomi ke kashewa a kan hidimar matasa ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 a shekarun da suka biyo bayan 2010.

Ga mai neman wuri, ga abin da zan ce. In ɗanki ya haura shekara biyu kuma za ki iya ɗaukarsa kafin la'asar, gidan nan ya yi, kuma da wuya ki sami tsafta da tsaron ƙofa irin nasa a kan wannan kuɗi. In jariri ne, ko aikinki na kai ki magariba, ki tambayi shugabar kai tsaye mutum nawa ke ɗakin a awa ta ƙarshe, da kuma tsawon zaman da mai riƙe jariran ta yi a gidan. Kada ki tsaya a lasisin da ke manne a bango, ki nemi cikakken rahoton dubawar ƙarshe ki karanta. A Ingila hukumar Ofsted, mai duba makarantu da gidajen reno, a intanet take sa irin waɗannan rahotanni kowa ya gani. A nan sai da na roƙa aka ciro min shi daga durowa.

Mu iyayen ɗakin mun haɗu mun rubuta wa hukumar da ke ba da lasisi. Mun roƙi abu biyu, su riƙa zuwa ba sanarwa kuma da yamma, sannan a biya tallafin bisa rajistar yaro maimakon halartarsa. Shugabar gidan da kanta ta sa hannu a ƙasa, duk da ta san zuwan ba-zata ita zai fara kamawa. An amsa mana cewa wasiƙarmu ta iso kuma an miƙa ta ga sashen da ya dace. Kafin su waiwaye mu, mun tsara a tsakaninmu cewa duk wadda ta tashi aiki da wuri ta zauna a ɗakin tare da Anti har yaran su ragu, kuma shugabar ta amince muddin mun ba da sunayenmu an tantance mu kamar yadda ake yi wa ma'aikata.