FamilySearch: Na Bi Salsalar Surukarmu Har Zuwa Turawan Farko na Amurka

Duk wanda ya san wahalar neman tsohuwar takarda a ƙasar nan zai yi mamakin abin da shafin FamilySearch ke bayarwa ba ko sisi. Rajista kawai za ka yi da imel, shi ke nan, sai ga rajistar haihuwa, ta aure, ta mutuwa, ƙidayar jama'a da wasiyyoyi na ɗaruruwan shekaru a gabanka. Ni malamin tarihi ne da ya ajiye alli, ina zaune a Gwale, kuma abin da ya kai ni shafin aikin gida ne. Ɗan ƙanwata da ke Amurka ya auri Baturiya, Allah ya ba su ƙaruwa, sai ya kira ni ya ce, "Kawu, ɓangarenmu ka san shi a ka, amma na uwar yaron nan fa? Kakarta ta ce su jikokin mutanen jirgin Mayflower ne. Don Allah ka duba mana."

Na karɓa da murna, don yaro yana da haƙƙin sanin tsatsonsa ta kowane ɓangare.

Mayflower ba ƙaramin suna ba ne a wurinsu. Shi ne jirgin ruwan da ya sauke fasinja 102 daga Ingila a Plymouth ta Amurka a 1620, kusan rabinsu kuma ba su ga ƙarshen hunturun farko ba. Sunayensu sanannu ne, domin gwamnansu William Bradford ya rubuta su. Har ƙungiya zuri'arsu ke da ita tun 1897, wadda ba ta karɓar mutum sai ya kawo takardar shaida a kan kowane uba da kowace uwa. Kafin su akwai mutanen Jamestown a Bajiniya, maza 104 da suka sauka a 1607.

Daga baya ake farawa, wato daga wanda aka sani zuwa wanda ba a sani ba, kuma a nan shafin ya burge ni ƙwarai. Amurka tana ƙidaya duk shekara goma tun 1790, kuma ana buɗe takardun bayan shekara 72, don haka ta 1950 tana nan. Na sa sunan kakan surukar tamu da jiharsu, sai ga hoton ainihin takardar da mai ƙidaya ya cike da hannunsa: maigida, matarsa, 'ya'ya da shekarunsu, sana'a, inda aka haifi kowa. Daga nan sai ka ja baya shekara goma-goma, ka ga dattijo ya koma saurayi, saurayi ya koma yaro a gidan ubansa. Akwai giɓi a 1890, domin gobara ta cinye mafi yawan takardun wannan ƙidayar a 1921. Kafin 1850 kuma maigida kaɗai ake rubuta sunansa, sauran mutanen gida sai adadi. Daga wannan gaɓa aiki ke fara nauyi.

Abin da ya taimake ni shi ne asalin mutanen daga Masachuset suke, inda magatakardan kowane gari ke rubuta haihuwa da aure da mutuwa tun ƙarni na 17. Littattafan nan suna shafin, an ɗauki hotonsu shafi-shafi. Na zauna a kan ɗaya bayan la'asar, na ƙara girmansa har tawadar ta fito baro-baro. Rubutun a karkace, harafin s dogo kamar f, sunan gida guda an rubuta shi iri uku a littafi ɗaya. A layi ɗaya haihuwar yarinya, layi biyu ƙasa mutuwarta, bayan shekara biyu kuma a haifi wata a mayar mata da sunan marigayiyar. Wannan al'ada tasu tana ruɗa mai bincike sosai, don sai ya ɗauka mutum ɗaya ne.

Kwanan wata ma sai an yi hattara. Har zuwa 1752 sabuwar shekarar Ingila da ƙasashen da take mallaka tana kamawa ne ranar 25 ga Maris. Saboda haka za ka ga an yi aure a watan Mayu, an haifi ɗa a Fabrairun "wannan shekarar", ka zaci akwai abin kunya, alhali Fabrairun bayan Mayun ya zo da wata tara.

Yanzu ga inda nake so mai karatu ya buɗe ido. Shafin yana da babbar bishiyar salsala guda ɗaya wadda kowane mai rajista zai iya sa wa hannu. Tana da amfani, don wani lokaci za ka tarar wani ɗan uwa ya riga ya yi rabin aikin. To amma a cikinta na ga wani ya ɗaura gidan surukarmu a jikin ɗaya daga cikin mutanen Mayflower, ba tare da ko takarda ɗaya a ƙarƙashi ba. Suna ya zo ɗaya, gari ya yi kusa, sai ya haɗa. Mu da muka taso a gaban malaman hadisi mun san cewa magana ba ta tsayuwa sai da isnadi, kuma mutum ɗaya ya faɗi a tsakiya, duk sarƙar ta tsinke. Da wannan ma'auni na bi, kuma shafin ya ba ni dama, domin kowane suna yana da wurin da ake liƙa masa shaidarsa. Abin da takardu suka nuna shi ne kakan nasu ya zo ne a cikin babban ƙaura na shekarun 1630, wanda ya soma da ayarin jiragen John Winthrop da suka kafa Boston, ya kuma kwaso mutum wajen 20,000 kafin 1640. Da na gaya wa ɗan ƙanwar tawa sai ya yi jim, ya ce, "Kawu, tsohuwar ba za ta ji daɗi ba." Na ce masa ya kai mata hotunan takardun ta gani da idonta, sunan kakanta na gaskiya ya fi na aro.

Wani reshen nasu ta wajen uwa ya gangara Bajiniya, can kuwa hanya ta yi duhu da wuri. Ba laifin shafin ba ne. Gundumomi da yawa sun rasa takardunsu, wasu a gobarar Richmond, babban birnin Bajiniya, ta 1865 lokacin yaƙin basasa. Abin da ya fi tsira shi ne takardun fili, domin tun 1618 ana ba mutum eka 50 a kan kowane wanda ya biya wa kuɗin jirgi, sai a jera sunayen waɗanda ya kawo.

A wannan reshe na ci karo da abin da ya hana ni barci. Lissafin gado ne na wani maigida: shanu, gadon kwana, tukwane, bindiga, sai kuma mace baƙar fata da ɗanta, an sa musu farashi a layi ɗaya da sauran kaya. Sunanta guda kawai, ba uba, ba gari. Tun 1619 aka fara sauke 'yan Afirka a Bajiniya, amma mafi yawan zuri'arsu ba su shiga ƙidaya da cikakken suna ba sai 1870. Na daɗe ina kallon layin nan, ina tuna cewa ayarin bayi ya sha ratsa Kano ma, kuma mu ma ba mu rubuta sunayensu ba. Na sa wannan takarda cikin abin da na tura, don ita ma tarihin yaron ce.

Akwai abin da ya wajaba Musulmi ya sani tun kafin ya yi rajista. Cocin da aka fi sani da Momon, mai hedkwata a Salt Lake City, shi ke da shafin, kuma tun 1894 suke tattara takardu saboda aƙidarsu ta yi wa kakanninsu da suka mutu baftisma. Ba su ɓoye wannan ba, ba kuma wanda ya tambaye ni addinina. Ni dai karatu na yi, na kwafi abin da nake bukata, ban ɗora sunayen iyayena a bishiyarsu ba.

Ta fuskar aiki, waya tana isa a nemi suna, amma karatun tsohon rubutu sai kwamfuta mai faɗin fuska. Hotunan suna cin data, don haka na fi yi da dare, in sauke su in ajiye kafin a ɗauke wuta. Wasu littattafan suna da alamar makulli, sai a cibiyoyinsu ake buɗewa saboda yarjejeniya da masu takardun. Na Ingila kuwa suna komawa har 1538, shekarar da Thomas Cromwell, wazirin sarkin Ingila, ya umarci kowane coci ya riƙa rubuta baftisma da aure da binnewa, sai dai wasunsu da Latinanci suke.

Bakano mai neman kakanninsa na Dala ko Fagge ba zai samu abin kirki a nan ba. Nasa yana bakin tsofaffin gida, da Gidan Makama, da ma'ajiyar takardu ta ƙasa da ke Kaduna. Amma ɗalibin tarihi a Jami'ar Bayero, ko mai suruki Bature irina, ya ware lokaci ya shiga, ya kuma riƙa rubuta sunan littafi da lambar hoton duk takardar da ya samu.